Kamfanin Gama Kai na Ma'aikata ko Dukiyar Tarayya: Wanne Ya Kamata a Zaɓa?

Duk lokacin da aka zauna tattauna abin da zai iya maye gurbin tsarin jari-hujja, ko aƙalla ya rage masa ƙarfi, hanyoyi biyu ne suka fi fitowa a bakin masu magana, kuma yawanci akan jero su tare kamar abu ɗaya ne. Ta farko ita ce kamfanin gama kai na ma'aikata, wato masana'anta ko wurin sana'a wanda masu aiki a cikinsa su ne mamallakansa, su ke zaɓen shugabanninsa bisa ƙa'idar mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, su ke kuma yanke shawarar yadda za a yi da riba. Ta biyu ita ce dukiyar tarayya, wato daji ko makiyaya ko ruwan noman rani ko wurin kamun kifi ko wani ilimi da wata jama'a take amfana da shi tare, a ƙarƙashin dokokin da ta tsara wa kanta, ba tare da wani daga cikinta yana da ikon yanke rabonsa ya sayar ba. Dukansu sun ƙi yarda cewa yawan kuɗin mutum shi ne ma'aunin ikonsa, amma daga nan sai kowace ta kama gabanta. Ciwon da suke magancewa daban ne, hanyar lalacewarsu ma daban ce, kuma jama'ar da ta ɗauki ɗaya alhali ɗayar take buƙata tana iya ɓata shekaru kafin ta gano inda matsalar take.

Tambayar da ta fi raba su ita ce, me ake so a ƙwato daga hannun mai jari? Idan amfanin gumi ne da ikon faɗa a ji a wurin aiki, maganar kamfanin gama kai ake yi. Idan kuwa wani abu ne da ba wanda ya ƙirƙira, ko wanda aka gada kuma ake so a bar wa na baya, to maganar dukiyar tarayya ce.

Kamfanin gama kai ya fi sauƙin nunawa da yatsa, kuma misalin da ya fi shahara shi ne Mondragon, a yankin Basque na ƙasar Sifaniya. Wani limamin coci mai suna José María Arizmendiarrieta ya buɗe makarantar koyon sana'a a garin Mondragon a 1943, kuma a 1956 biyar daga cikin ɗalibansa suka kafa Ulgor, wata ƙaramar masana'anta mai ƙera murhun kananzir. Shekara uku bayan haka, a 1959, suka kafa bankinsu, Caja Laboral, kuma a ganina wannan mataki shi ne ya bambanta su da ɗimbin ƙungiyoyin da suka taso da irin wannan buri suka mutu a ƙuruciya. Bankin ya tattara ajiyar mutanen yankin ya zuba ta a sababbin kamfanonin gama kai, ya kuma sa musu ido a kan lissafi. A yau gungun kamfanonin Mondragon yana ɗauke da ma'aikata wajen 70,000, a masana'antu da manyan kantuna da harkar kuɗi da jami'a. Babban taron mambobi shi ke zaɓen hukumar gudanarwa, ita kuma ta naɗa manaja, kuma a yawancin kamfanonin albashin mafi girma ba ya wuce ninki shida na mafi ƙanƙanta, alhali a manyan kamfanonin Amurka tazarar takan kai ninki ɗaruruwa.

Abin da ma'aikaci yake samu a irin wannan tsari ya fi bayyana a lokacin tsanani. Binciken da masana tattalin arziki suka yi a kan kamfanonin Italiya da Yurugwai ya nuna cewa idan kasuwa ta faɗi, kamfani na mai jari yakan rage ma'aikata, shi kuwa na gama kai yakan rage abin da kowa yake ɗauka ya bar kowa a bakin aikinsa. Wannan yana nufin kuɗin shigar mamba yakan hau ya sauka, amma aikinsa ya fi tabbata. Binciken Yurugwai ya kuma nuna cewa kamfanonin ma'aikata ba su fi sauran saurin rushewa ba, sun ma fi su daɗewa. Wanda yake zaton talakawa ba za su iya riƙe babban aiki ba sai ya dubi Uralungal a jihar Kerala ta Indiya, wadda wasu 'yan leburori suka kafa a 1925, kuma har yanzu tana gina hanyoyi da gadoji da dubban ma'aikata.

Sai dai kamfanin gama kai a cikin kasuwa yake rayuwa, kuma kasuwa ba ta yi masa rangwame saboda kyawun tsarinsa. A 2013 Fagor Electrodomésticos, magajin Ulgor kuma mai ƙera firji da injin wanki, ya durƙushe bayan ya faɗaɗa da bashi, ya sayi kamfanin Brandt na Faransa a 2005, sannan harkar gine-ginen Sifaniya ta rushe. Yawancin mambobinsa an sama musu gurbi a wasu kamfanonin gungun ko an ba su ritaya da wuri, abin da da wuya a gani a kamfanin masu hannun jari. Amma ma'aikatan rassansa na Faransa da Poland ba mambobi ba ne, ba su da ƙuri'a, kuma wannan kariya ba ta kai gare su ba. Wannan shi ne aibin da ya fi damuna a wannan hanya: gasa takan tura ma'aikatan da suka zama mamallaka su riƙa ɗaukar wasu haya, har a wayi gari sun zama ƙaramin rukunin iyayen gida a kan talakawa irinsu.

Akwai kuma matsalar jari. Mai kuɗi ba ya son zuba dukiyarsa a inda ba zai sami ƙuri'a daidai da ita ba, don haka kamfanin gama kai yakan dogara da ajiyar mambobi da bashi da ribar da aka mayar. Mamba kuma yana sa aikinsa da ajiyarsa a wuri ɗaya, idan wurin ya faɗi ya rasa duka biyun. Nasara ma tana da haɗarinta. A arewa maso yammacin Amurka an yi kamfanonin gama kai masu yin falankin katako, na farkonsu Olympia Veneer da aka kafa a 1921. Sun yi riba har darajar hannun jarin kowane mamba ta hau yadda sabon ma'aikaci ba zai iya saye ba, sai masu ritaya suka ga ya fi musu riba a sayar wa kamfanin waje, kuma haka Olympia Veneer ta ƙare a tsakiyar shekarun 1950. Italiya ta toshe wannan ƙofa da doka. A can wajibi ne kamfanin gama kai ya zuba kashi 30 cikin 100 na ribarsa a asusun ajiyar da ba a rabawa, ya kuma ba da kashi 3 ga asusun raya sababbin ƙungiyoyi, sannan dokar Marcora ta 1985 ta ba ma'aikata damar amfani da kuɗin tallafin rashin aiki su sayi kamfanin da ke shirin rufewa. Ba mamaki ba ne da yankin Emilia-Romagna ya zama ɗaya daga cikin wuraren da gama kai ya fi kafuwa a duniya.

Dukiyar tarayya ta girmi jari-hujja nesa ba kusa ba, kuma tarihin jari-hujja kansa ya haɗa da cinye ta. Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokokin Ingila ta zartar da dokoki sama da 5,200 na killace filaye, waɗanda suka mayar da kusan eka miliyan 6.8 mallakar ɗaiɗaikun mutane. Talakan da a da yake kiwon saniyarsa yana samun itacen girki a filin gari ya koma ba shi da abin sayarwa sai ƙarfinsa. A nan ne ake ganin alaƙar hanyoyin biyu: kamfanin gama kai yana gyara halin wanda ya riga ya zama ɗan ƙwadago, ita kuwa dukiyar tarayya tana rage tilascin da ke sa mutum karɓar kowane irin aiki a kan kowane irin lada.

A 1968 masanin kimiyyar halittu Garrett Hardin ya wallafa wata maƙala a mujallar Science yana cewa duk makiyayar da ta zama ta kowa sai ta lalace, domin kowane makiyayi zai ƙara dabbobi ya ci ribar shi kaɗai, asarar kuma a raba ta ga kowa. Gwamnatoci da yawa sun kafa hujja da wannan ra'ayi wajen ƙwace dazuzzuka ko sayar da su. Elinor Ostrom, wadda a 2009 ta zama mace ta farko da ta sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki, ta tattara shaidu daga ƙasashe daban-daban ta nuna cewa abin da Hardin ya kwatanta wuri ne marar mai shi kuma marar doka, kuma dukiyar tarayya ta gaskiya tana da masu ita da dokokinta. A ƙauyen Törbel da ke tsaunukan Siwizalan akwai rubutacciyar yarjejeniyar makiyaya tun 1483, kuma wata ƙa'ida ta 1517 ta hana kowa kai shanu makiyayar tudu fiye da adadin da zai iya ciyarwa a lokacin hunturu. A Alanya ta Turkiyya, masunta kimanin 100 sun tsara a shekarun 1970 cewa duk watan Satumba za a jefa ƙuri'a a raba wuraren kamun kifi, sannan kowace rana kowa ya matsa zuwa wuri na gaba, ta yadda kowa zai taɓa wuri mai albarka. Hikimar tsarin ita ce ba ya buƙatar ɗan sanda, domin wanda ranarsa ta zo a wuri mai kyau shi da kansa zai kori duk wanda ya yi masa kutse. A Valencia ta Sifaniya kuwa, har yau kotun manoma tana zama duk ranar Alhamis a ƙofar babban cocin birnin, tana yanke hukunci da baki a kan rikicin ruwan noman rani.

Abin da Ostrom ta gano ya haɗa waɗanda suka daɗe shi ne, an san iyakar dukiyar kuma an san masu haƙƙi a kanta, dokokin sun dace da yanayin wurin, waɗanda dokar ta shafa suna da hannu a gyara ta, masu sa ido daga cikinsu suke ko suna ƙarƙashin ikonsu, hukunci yana farawa da sauƙi ya yi tsanani ga mai maimaita laifi, akwai wurin sasanta rikici mai araha, kuma hukuma ta amince da ikonsu na tsara wa kansu. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, sauran sukan raunana. Gwamnati ma ba ta da tabbacin yin abin da ya fi haka, domin kifin kod na gaɓar Newfoundland a ƙarƙashin kulawar gwamnatin Kanada da masananta yake lokacin da ya kusa ƙarewa, har aka hana kamunsa a 1992, mutane kimanin 30,000 suka rasa abin yi. A ɗaya ɓangaren, Nepal ta miƙa dazuzzuka ga ƙungiyoyin mazauna ƙauyuka da dokar 1993, yau akwai irin waɗannan ƙungiyoyi sama da 22,000, kuma nazarin hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna dajin ƙasar ya ƙaru daga kusan kashi 26 cikin 100 a 1992 zuwa kusan kashi 45 a 2016, ko da yake ƙaurar matasa zuwa ci-rani ita ma ta taimaka wajen rage wa dajin nauyi.

Raunin dukiyar tarayya na farko shi ne ba ta biyan albashi. Tana rage tsadar rayuwa, tana ba da itace da ruwa da ciyawa da wurin zama, amma ba ta sa kuɗin magani a aljihun mutum sai an gina wata sana'a a kanta. Na biyu, iyakar da ke kare ta ita ce kuma take ware wasu. Dole a ce wane yana ciki wane yana waje, kuma a wurare da dama waɗanda aka bari a waje su ne baƙi da mata da marasa gona, yayin da manyan gari suke juya dokar yadda ta yi musu. Duk mai yabon tsofaffin tsare-tsaren tarayya ya kamata ya riƙa faɗin wannan. Na uku, tana rataye da amincewar hukuma: filayen ejido na Meksiko, wato filayen noma na tarayyar al'umma, sun samo asali daga sashe na 27 na tsarin mulkin 1917, kuma gyaran da aka yi wa wannan sashe a 1992 shi ya buɗe ƙofar mayar da su mallakar ɗaiɗaiku.

Ilimi da manhajojin kwamfuta, a matsayin dukiyar tarayya, suna da nasu hali. Manhajar Linux da aka fara a 1991 da kundin Wikipedia na 2001 ba sa ƙarewa don an yi amfani da su, saboda haka matsalarsu ba ta yawan ɗiba ba ce, ta ƙarancin masu kula ce. A 2014 aka gano wata ɓaraka mai suna Heartbleed a manhajar tsaro ta OpenSSL, sai duniya ta farga cewa wani babban sashe na intanet, har da kamfanoni masu biliyoyin daloli, yana dogaro da aikin 'yan mutane kaɗan da kusan ba a biyansu. Dukiyar da aka buɗe wa kowa ba tare da sharaɗi ba tana iya zama kayan aiki kyauta ga jari-hujjar da aka so a guje wa.

Wajen kafawa daga tushe, kamfanin gama kai ya fi sauƙi. Mutum goma masu sana'a ɗaya suna iya yin rajista a ƙarƙashin dokar da take akwai a yawancin ƙasashe, su fara aiki a cikin shekara, musamman a sana'o'in da ƙwarewa ta fi injina muhimmanci, kamar gini da sufuri da ɗinki da kula da marasa lafiya a gida. Cooperative Home Care Associates, da aka kafa a unguwar Bronx ta birnin New York a 1985, irin wannan aiki na ƙarshe take yi, kuma tana cikin mafi girman kamfanonin ma'aikata a Amurka. Dukiyar tarayya kuwa tana buƙatar a sami dukiyar tukuna, a kuma sami jama'ar da ta san juna, take sa ran zama tare na tsawon lokaci. Inda waɗannan suke akwai tun da, aikin na karewa ne da rubuta haƙƙi kafin wani ya zo da takardar mallaka. Inda babu su, ginawa tana cin lokaci, amma tana yiwuwa. Asusun amanar filaye, wanda aka fara da New Communities a jihar Georgia ta Amurka a 1969 don manoma baƙar fata, yana riƙe ƙasa har abada ya sayar da ginin da ke kanta kawai. A Burlington ta jihar Vermont, mai gida a ƙarƙashin Champlain Housing Trust, wani asusu irin wannan, yana ɗaukar kashi 25 cikin 100 ne kawai na ƙarin darajar gidan idan ya tashi sayarwa, sauran ya zauna a gidan don mai saye na gaba ya same shi da araha.

Saboda haka shawarata ga masu zaɓe ita ce su dubi abin da ke hannunsu. Jama'ar da matsalarta ita ce ƙarancin lada da wulaƙancin wurin aiki, kuma tana da abin sayarwa da masu saye, ta kafa kamfanin gama kai, ta kuma shirya wa gasa da lissafi da ɗaukar ƙwararren manaja wanda za ta iya tsigewa. Jama'ar da matsalarta ita ce ana neman raba ta da ƙasa ko ruwa ko daji, ko hayar gida tana korar ta daga unguwarta, kada ta mayar da wannan dukiya hannun jarin da za a raba wa mambobi, domin duk abin da aka raba ana iya saye shi ɗaya bayan ɗaya daga hannun mabuƙata. Idan kuwa aka tambaye ni wacce ta fi yi wa jari-hujja illa a tushensa, zan ce dukiyar tarayya, domin tana fitar da abu daga kasuwa gaba ɗaya, alhali kamfanin gama kai yana canza mai kamfani ne ya bar kasuwar yadda take. Amma wacce ta fi saurin canza rayuwar mai iyali a wannan shekara, ita ce kamfanin gama kai.

Wuraren da suka fi burge ni su ne waɗanda suka ɗora ɗaya a kan ɗaya. A Ixtlán de Juárez da ke jihar Oaxaca ta Meksiko, dajin na al'umma ne, babban taronsu ke yanke yawan itacen da za a sara, kuma a kansa suka gina injin tsaga katako da masana'antar kujeru da tebura masu ba mutanen garin aiki. A yankin Petén na Gwatamala, gwamnati ta ba al'ummomi izinin shekara 25 na kula da sassan gandun dajin Maya, kuma sassan da ke hannunsu sun fi wasu wuraren da aka killace da sunan kariya tsira daga sara da gobara. Asusun da ba a rabawa na kamfanonin Italiya shi ma, idan aka duba da kyau, dukiyar tarayya ce a cikin kamfani, wadda mambobin yau suke amfana da ita amma ba su da ikon cinye ta.

Wanda zai bi wannan haɗi yana da abu biyu da ya kamata ya rubuta a tsarin mulkin ƙungiyarsa tun ranar farko, lokacin da babu dukiyar da za a yi rigima a kanta. Ɗaya shi ne makomar kadarori idan ƙungiyar ta rushe ko aka so sayar da ita, inda ya kamata a fayyace cewa ƙasa da asusun ajiya za su koma ga wata ƙungiya mai irin manufarta, mamba kuma ya tafi da abin da ya zuba kawai. Ɗayan shi ne hanyar da sabon shiga zai bi ya zama cikakken mamba, da wa'adin gwajinsa, da kuɗin shigar da zai iya biya a hankali daga albashinsa, da kuma iyakar yawan 'yan haya. Dokar gama kai ta Sifaniya ta 1999 ta ƙayyade cewa, ban da wasu keɓaɓɓun yanayi, sa'o'in aikin waɗanda ba mambobi ba kada su wuce kashi 30 cikin 100 na sa'o'in mambobi a shekara, kuma ƙungiyar da ƙasarta ba ta da irin wannan doka tana iya sa wa kanta ita a rubuce.